Kawu, Maƙerin da Ya Huda wa Mota Hanci

Ranar Laraba da hantsi muka kai Kawu makwancinsa. Kafin a gama haƙa kabari motoci sun jeru a bakin hanyar Keffi, tun daga rumfarsa har gangaren rafi, na doya da na itace da 'yan tasi masu lodin Uke. Ba wanda ya aika wa direbobin. Mai saukowa ne ya gaya wa mai hawa, kowa ya sa dutse a bayan tayarsa, ya sauko ya yi alwala da ruwan jarka.

Mahaifiyata, ƙanwarsa ɗaya da ta rage, tana zaune a bakin ɗaki tana maimaita magana guda ga duk wadda ta shigo: "Shi ya goye ni da uwarmu ta rasu." Inna kuwa, matarsa, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. 'Yan'uwanta sun taso tun daga Ushafa da itace a kafaɗa, wasu masu salla, wasu masu zuwa coci, suka kewaye ta suna magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Ita dai tana kallon ƙofar rumfa.

Akwai wani Bafulatani abokinsa da muke kira Baffa, rugarsu tana bayan dutse. Bai zauna a tabarmar gaisuwa ba. Ya tsaya gefe da sandarsa, da na je gaishe shi sai ya ce, "Shekara talatin muna tare, bai taɓa tambayata yawan shanuna ba."

Rana ta uku Oga ya iso daga garinsu can Gabas, tsohon ubangidana da na yi wa tuƙi ina saurayi. Kansa ya yi fari fat. Ya cire hula ya durƙusa a ƙofar rumfar, inda ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, ya ce da irin Hausarsa, "Baba ya tafi, bai jira ni ba." Ni da wani direba muka ɗaga shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Wani sabon direba ne da ya ga taro ya tsaya, ya tambayi na kusa da ni wa ya rasu. Da aka gaya masa sai ya ce, "Au, tsohon nan mai rawar hannu? Allah ya jiƙansa." Bai faɗa da mugunta ba, abin da ya sani ke nan. Ga shi kuma masu awon sabon birni sun kafa turakunsu, ɗaya a tsakiyar rumfar, an ce hanya za ta bi ta kanta. In aka rushe ta, mu ma da muka san shi muka bi bayansa, iyakar abin da zai rage ke nan, tsoho mai rawar hannu. Ba ni da ikon tsayar da hanya. Rubutun ma na yaƙi da jahilci ne, amma zan yi iya yina.

Kawu maƙeri ne ɗan maƙeri. Fartanya da lauje yake yi wa manoman ƙauyukan nan, har manyan motoci suka fara yawa a hanya. Wata rana ƙarfen sifirin da ke ƙarƙashin wata motar doya ya karye dab da ƙauyenmu, aka zo neman mai wuta da guduma. Ya gyara. Daga nan ya ɗauko maƙerarsa ya dawo bakin hanya, ya koyi buga jikin mota da kansa, ba wanda ya koya masa. A hannunsa na tashi tun ina shekara shida, amma ƙira ta ƙi ni, sitiyari na bi.

Yana da wata ɗabi'a. Duk motar da ta tsaya a gabansa, kafin ya amsa sallamar direba sai ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, wato murfin inji, kamar yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta. Direba na ta bayani, shi kuwa yana cewa, "Bari in ji tukuna." Ba ya son a tsaya masa a ka yana aiki, ba ya cin abinci da zafi, kuma ba ya yanka ƙarfe bayan la'asar, wai hasken yamma yana yi wa ido ƙarya. In mutum ya matsa masa da gaggawa sai ya ajiye guduma ya ɗauko goro, ya ɓare shi a hankali yana kallon hanya, har mai gaggawar ya gaji ya zauna.

Oga ɗan kwangilar gadoji ne. Yana da wata 'yar jar mota mai ƙofa biyu wadda ba ya zuwa aiki da ita. Duk Asabar shi da abokansa injiniyoyi, baƙaƙe da Turawa, sukan taru a wani fili da aka share kusa da ƙauyen Jabi. Sai a jera gangunan kwalta, mota ɗaya ta shiga ta yi ta kewaya su, ana duba agogo, wadda ta fi saurin gamawa ba ta ture ganga ba ita ta ci. Oga yana da ciwon gwiwa, don haka ni nake tuƙawa, shi yana riƙe da agogo yana ihu.

Matsalar motar zafi. Wasan duk a ƙaramar giya ake yinsa, injin na kuka, motar kuwa ba ta samun doguwar hanyar da iska za ta ratsa ta. Kafin zagaye na uku allurar zafi ta kai ja, tururi ya turnuƙe, sai in kashe in tura ta gefe, mutanen Jabi da suka zo kallo suna dariya. An wanke lagireto, an sauya fanka, duk a banza.

Wata Litinin Oga ya ce mu je wurin Kawu. Ya zo da wata mujallar Turawa mai hoton motar tsere, an yi mata huda-huda a bonet can baya dab da gilashi. Ya ɗauki alli ya zana wurin a kan tasa motar.

"Baba, nan za ka yanka. Kamar na hoto."

Kawu ya ɗora hannu a kan bonet, ya dubi hoton, ya dubi zanen. Ya ce, "Ba zan yanka nan ba."

"Don me?"

"Ban sani ba tukuna. Amma ba nan ba ne."

Oga ya ce masu ƙera mota ne suka yi haka, su da suka yi karatun abin. Kawu ya miƙa masa mujallarsa ya ce, "To kai musu." Ya sa gefen rigarsa ya goge allin.

Oga ya shiga mota ya buga ƙofa. Duk hanya yana faɗa, rabi da Turanci, wai tsohon nan taurin kai gare shi, wai shi da motarsa a hana shi huda ta. Da yamma na koma na ce, "Kawu, ka yi masa yadda yake so mana. Aikina fa ke nan." Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci da ni kamar ranar ba. Ya ce, "In na yanka, kai za ka mayar da ƙarfen? Tashi ka ba ni wuri." Kwana huɗu ina gaishe shi yana amsawa da ka.

Inna ce ta warware abin, ba tare da ta yi niyya ba. Maginiyar tukwane ce, Hausarta kuma irin ta mutanen duwatsun nan, ba ta raba mace da namiji. Ta ga Kawu ya zauna yana ta juya wani guntun kwano, ta tambaye shi. Da ya gaya mata sai ta ce, "Ni kafin in sa wa tukunya wuta, ƙaiƙayi nake watsawa in ga inda iska ya nufa. Kai motar naka ba ya da iska ne?" Ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari ya aika a kira ni, ya ce in zo da motar da mai ita. Ya karɓi zaren saƙa wurin mahaifiyata, ya yayyanka shi tsawon yatsa, ya jiƙa ƙaro, ya bi bonet ɗin nan yana manna zare layi-layi tun daga hanci har gilashi. Motar ta zama abin dariya. Ya ce Oga ya zauna a gaba, shi ya naɗe ƙafafunsa a baya ya leƙo ta tsakaninmu, na ja muka hau miƙaƙƙiyar hanyar Uke.

Da na ba ta wuta sai zaren ya fara magana. Na gaba, bayan lagireto kaɗan, duk suka miƙe sama kamar ana jan su. Na kusa da gilashi kuwa suka kwanta, wasu ma suka juyo suna kallon gaba.

Kawu ya nuna da yatsa ya ce wa Oga, "Ka gani? Nan iska ja take yi. Can inda ka zana dannawa take yi. In na huda can, zafin da ke neman fita sai a tura shi ya koma ciki."

Oga ya ƙura wa zaren ido har muka juyo. Da muka tsaya ya ce, "Baba, yanka inda kake so."

Kwana uku aikin ya ci. Ya kwance bonet ya kifa shi a kan buhunan yashi. Ya sassaƙa wani guntun kirya ya yi masa kwari, shi ne matashin da zai buga ƙarfen a kai. Kowane layi sai ya fara huda ƙaramin rami a bakinsa biyu don kada tsagar ta zarce, sannan ya bi da cizal, bugu ɗaya ɗaya, yana sauraron ƙarar. In ya gama tsaga sai ya tayar da leɓenta kaɗan ta buɗe baki wajen baya. Bakwai a dama, bakwai a hagu. Ya bi su da magagari har ya iya shafa su da bayan hannu ba su yanke shi ba, ya shafa jan fenti saboda tsatsa. Ta ciki kuma ya yi wani ɗan indararo na kwano, don in an yi ruwa kada ya zuba a kan wayoyin fulogi. Wannan ba wanda ya ce ya yi, a hoton ma babu.

Mutane suka taru suna kallo. Wani ya ce an yi wa mota tsagar gado. Kawu ya ce a'a, hanci ne, da can ta baki kawai take numfashi. Sunan ya bi abin har yau a tashoshin nan.

Ranar Asabar muka tafi da shi Jabi, karo na farko kuma na ƙarshe. Bai kalli tseren ba, ya zauna a inuwar wata ɗorawa ya ba fili baya, wai ba ya son ganin ana wahalar da inji. Na yi zagaye na uku, na huɗu, na biyar, ido ɗaya a kan ganguna ɗaya a kan allura. Ta hau ta wuce rabi, ta tsaya a nan. Ina jin hucin zafi yana fitowa ta hancin yana dukan gilashi. Ba mu ci ba, na uku muka zo, don na ture ganga ɗaya. Amma motar ta gama da ƙafarta. Da na tsaya Kawu ya taso, ya ratsa masu tafi, ya ɗora hannu a kan bonet ya ɗan jima. Ya ce, "To." Sai ya tambayi inda zai samu ruwan alwala.

Bayan haka masu tseren suka riƙa kawo nasu, 'yan tasi masu hawan duwatsu da lodi su ma suka biyo. Ba kowa yake yi wa ba. Wani sai ya taɓa motar ya ce, "Taka ba hanci take so ba, wanke lagireto." Wadda ya karɓa kuwa sai an manna zare an hau hanya, ko da irin motar da ya yi jiya ce.

Sai shekarun tashin hankali da yaƙin basasa suka zo. Wata safiya Oga ya iso rumfa da matarsa da 'ya'yansa uku a cikin jar motar, a matse, ba kaya sai ƙunshi biyu. An ce hanya ba ta biyuwa ga irinsu mutanen Gabas a ƙaramar mota. Kawu ya tsayar da wani direban doya da ya yarda da shi, aka yi musu wuri a tsakiyar lodi aka rufa tamfol. Oga ya miƙa masa makullin motar. Kawu ya ce, "Hau, rana tana yi."

Ya tura motar bayan madafar Inna, ya yi mata rumfar ciyawa, ya ɗora ta a kan duwatsu don kada tayoyin su lalace. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya tayar da ita ta yi ɗan kuka ya kashe. Lokacin da mai ya yi wuya, da hannu yake juya injin. A shekara ta biyu wani mai hali daga cikin gari ya zo da mutane biyu, ya ce ya ji akwai motar da ba ta da mai ita.

Kawu ya ce, "Tana da shi."

"Ai mutanen nan sun ƙare. Ya mutu."

"Ka ga gawarsa?"

Mutumin ya ce zai dawo da waɗanda za su ɗauke ta ko ana so ko ba a so. A ranar Kawu ya kwance tayoyin huɗu da sitiyari, Baffa ya ɗora su a kan shanu ya kai ruga. Da mutanen suka dawo suka tarar da akwatin ƙarfe a kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashi. Suka yi zage-zage suka tafi.

Sama da shekara uku ba labari. Ni kaina na cire rai. Wata ranar kasuwa sai ga wani ramammen mutum ya sauko daga motar itace da riga ɗaya a jikinsa. Sai da ya yi magana na gane Oga ne. Matarsa da ƙaramin ɗansa ba su fita daga yaƙin ba. Kawu bai yi masa dogon jaje ba, ya kama hannunsa ya zagaya da shi bayan madafa. Oga ya buɗe ƙofar motar ya shiga ya zauna, ya rufe. Muka tsaya cirko-cirko. Kawu ya juyo ya ce mana, "Ba ku da aikin yi ne?" Muka watse. Sai da aka kira azahar ya fito. Bayan mako guda aka ɗaura tayoyi, ya tuƙa ta zuwa garinsu, ni kuma na koma tasi.

Rawar hannun daga babban yatsan hagu ta fara. Muna cin tuwo na ga yatsan yana motsi shi kaɗai, Kawu ya sa ɗaya hannun ya danne shi, muka yi kamar ba mu gani ba. Cikin shekara guda ta kama hannun duka, ta tsallaka dama. Na kai shi asibiti har sau uku, tafiyar yini. Likita ya ba da ƙwayoyi, ya ja ni gefe ya ce abin ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Baffa ya kawo saiwoyi. 'Yan'uwan Inna suka kawo nasu na shafawa. An yi rubutu an sha. Kawu bai ƙi ko ɗaya ba, duk wanda ya kawo sai ya karɓa ya yi godiya, ina jin don kada ya karya mana zuciya ne. Hannun kuwa yana ta abinsa. Ya bar yankan bonet, ya koma ɗan gyaran fartanya, daga baya shi ma ya gagara.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Inna, ita ma don tana wurin ne.

Cikin masu awon sabon birni akwai wani injiniya mai son gudu, yana da farar mota sabuwa. Na ɗauke shi a tasi wata rana, hira ta kawo mu kan zafin inji, na ba shi labarin Kawu, har da ƙari. Ya ce in kai shi. A raina na ce in Kawu ya ga mota irin wannan a ƙofarsa, ya ji ana nemansa, wataƙila jikinsa ya tashi. Na ga yadda zaman banza yake cinsa. Amma in na faɗi gaskiya, akwai kuma son a san kawuna wani ne.

Kawu ya taɓa motar ya ce, "Ɗana, ka makara. Hannun ya tafi."

Na ce, "Kawu, gwadawa za ka yi. Ni zan riƙe maka."

Ya ce a'a. Na sake roƙo, a gaban baƙo. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce a kawo zare.

Aikin zaren ya tafi daidai, idonsa bai manta komai ba. Ya nuna wurin, na zana da alli yadda ya ce. Aka kifa bonet a kan yashi. Tsaga ta farko ni na riƙe cizal shi yana bugu, guduma ta sauka a gefe ta yi wa ƙarfen kumburi. Muka sauya, ya riƙe cizal da hannu biyu ni ina bugu. Yana cewa, "Sassauta. Ba ka ji ƙarar ta sauya ba?" Wallahi ban ji komai ba, duk ƙara ɗaya ce a kunnena. A bugu na shida ko na bakwai hannunsa ya fizga, cizal ya goce, bugun nawa kuma ya riga ya sauka. Ƙarfen ya yage a karkace, ya wuce ramin da aka huda, ya yi tsawon taku guda har gefen bonet.

Inna ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya. Injiniyan ya tsuguna ya shafa yagewar. Mutumin kirki ne, ya ce ba komai, zai aika a kawo wani daga Kaduna. Da ya yi zagi da ya fi mini sauƙi. Muka ɗaura masa yagaggen bonet ɗinsa da igiya ya tafi.

Kawu ya tattara cizal da magagari ya naɗe su a tsumma. Sai da ya yi ƙoƙari sau uku kafin ya iya ƙulla bakin tsumman, ba wanda ya yi ƙarfin halin taya shi.

Daga ranar ya koma zama a kan benci a ƙofar rumfa, hannuwansa a cikin riga. Mota ta tsaya, ba ya tashi ya taɓa ta. Shekara biyu haka. Nakan zo da yamma kafin magariba in zauna kusa da shi, in ɓare masa goro, in riƙe masa kofi ya sha ruwa. Sau da yawa na shirya maganar a hanya, in na zo sai ta maƙale. Rana ɗaya na daure na ce, "Kawu, ka yafe mini abin da na sa ka."

Ya ce, "Me ka sa ni?"

"Farar motar nan."

Ya juya yana kallon hanya. Can ya ce, "Tayarka ta baya ta hagu tana cin gefe. Ka duba ta." Iyakar amsar da na samu ke nan. Bayan wata biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana biyar Allah ya karɓi abinsa, da asuba, kansa a kan cinyar mahaifiyata.

Makon jiya Inna ta fita takaba. Ba su haihu ba, ta ce za ta koma Ushafa cikin danginta kafin masu hanya su zo su tashe ta. Na kawo tasi na loda mata kaya. Da muka zo kan tukwanen da ke jere a bayan madafa, ta ce in ɗaga babbar randar da ke kife a ƙarshe. A ƙarƙashinta akwai buhu biyu, masu nauyi, suna ƙara.

Na kwance ɗaya. Guntayen kwanon rufi ne da gwangwanayen man gyaɗa da aka buɗe aka miƙar. Kowane da tsaga a jikinsa. Wasu biyu, wasu uku, duk a karkace, wasu sun yage har baki. Na yi ta fitar da su ina jerawa a ƙasa har wurin ya cika, ban kai rabin buhu ba. A wasu akwai ɗigon jini da ya bushe.

Inna ta ce, "Kullum in ka tafi lodi, hanya ya yi shiru, sai ya shiga rumfa ya ja ƙofa. Tun daga ranar farin motar nan. Har satin da ya kwanta."

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Shi ya hana. Ya ce in ɓoye, kada ka gani."

"Don me?"

"Ya ce in ka gani za ka ce laifinka ne. Ya ce bari sai ya yi guda ɗaya mai kyau, sannan ya nuna maka."

Na zazzage buhu na biyu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga kowanne ina dubawa a hasken rana, Inna tana tsaye tana jirana da ƙunshinta a kafaɗa. Babu mai kyau ko ɗaya.

Ta ce, "Mu tafi, ɗana. Da nisa."

Na mayar da su cikin buhu na sa a but, na kai ta Ushafa. Suna ɗakina yanzu, ban san abin da zan yi da su ba.

Allah ka ga abin da bawanka ya yi da hannuwan nan lokacin da suke jin maganarsa, ka ga kuma yadda ya yi haƙuri da suka daina. Ka yafe masa, ka sanyaya masa kabari, ka ba shi hutu. Wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ya taimaka masa da Fatiha.